Ta Goma Sha Ɗaya

Kakana Ermete ba ya kiwon shanu,
tsofaffin katafilolin noma yake kiwo.
Goma ne a rumfar bayan gida,
kowacce da irin tarinta.
Wata daga rafi ya tsamo ta,
wata daga bakin wutar masu yankan ƙarfe,
ya biya kuɗin kilo, har da nauyin laka.

A tuddan nan namu na Brisighella,
inda gona ke tsaye kamar bango,
taya ba ta da ta cewa.
Sarƙa ce ke cizon yumɓu ta hau.

Ta goma sha ɗaya tana kwarin Desolina,
shekara talatin da huɗu a kishingiɗe.
Ranar da gangare ya zame bayan ruwa
ta kife, da Oreste a kanta.
Shi aka ɗauko. Ita aka bari.
Sarƙaƙiya ta yi mata mayafi,
ɓaure ya tsiro ta tsakanin haƙarƙarinta,
rina ta gina gari a bututun hayaƙi.

Sau uku Kaka yana zuwa da hula a hannu.
A na huɗu tsohuwar ta ce,
“Ɗauke ta. Ba na son ko sisi.
Amma kar kunnena ya ji muryarta.”

Kwana biyu muna sara.
Ni da lauje, shi da zarto da zagi.
Ta fito tana jan saiwa a baya
kamar haƙorin da ya ƙi rabuwa da dasashi.

Hunturu guda muka yi a kanta.
“Nives, miƙo sifana. Ba wannan ba.”
Fistin ya kafe, ya yi rantsuwa.
Kaka ya zuba masa kananzir
cokali cokali, safe da yamma,
kamar mai jinyar wanda ya daina magana.
Noti ɗaya ya ci mana mako.
Na ce, a yanke shi mana!
Ya ce, wanda ya ɗaure shi ba ya nan,
a kwance masa aikinsa da ladabi.

A akwatin kayan aiki, ƙarƙashin kujera,
muka sami wuƙar auren inabi,
da kwalbar da ruwanta ya ƙafe,
da safar hannu ɗaya, ta hagu.
Bai ce komai ba. Ya mayar, ya rufe.

Ranar da almon ya fara fure
ya murɗa hannun tayarwa.
Shiru.
Ya murɗa. Ta yi atishawa.
Ya tofa yawu a tafi, ya sake,
sai ta ɗauka:
tum, tum, tum-tum-tum,
baƙin hayaƙi, gawar rina, ƙurar shekaru.
Muka yi ihu.
Sannan muka tuna kwari ba ya riƙe sirri.

Kafin inji ya yi zafi
ga ta can a kan hanya,
baƙar riga, sanda, takalmin gida.
Kaka ya kai hannu zai kashe.
Ta ɗaga sandar.

Ta zagaya ta sau ɗaya, a hankali,
ta duba sabon fenti, ta taɓe baki.
Ta ɗora tafi a kan murfin inji
kamar mai auna zazzaɓin yaro.
Na jira kuka. Na jira tsinuwa.

Ta ce, “Ka cika mata wuta.
Oreste ba haka yake barin ta ba.
Rage.”
Ya rage.
“Ƙara ragewa.”
Bugun ya sauko, ya sauko,
har ya yi daidai da tafiyar mutum
mai dawowa gida da yamma.

“Yawwa,” in ji ta.
Ta nemi bokiti, ta kife, ta zauna.
Muka tsaya haka nan, mu uku,
har man ya ƙare.